Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Haruffa Biyun Jihohin Amurka

A makon jiya mun tsaya inda na fara zama a shagon rubuta adireshi da naɗe kaya, kusa da babban gidan waya na Kano. Maigidana bai yarda yaro ya taɓa ambulan da za ta Amurka ba sai ya haddace gajerun sunayen jihohinta 50. Yakan ce, "Yaro, ai ka san KN da KD da KT a lambar mota, to haka nasu yake, sai dai nasu na gidan waya ne."

A 1963 hukumar gidan wayar Amurka ta fito da tsarin haruffa biyu ga kowace jiha, shekarar da ta kawo lambar yanki mai alƙaluma 5 da suke kira ZIP, don gari da jiha da lamba su shiga layi ɗaya. Tun lokacin sau ɗaya aka sauya: a 1969 Nebraska ta tashi daga NB ta koma NE, don kada a rikita ta da New Brunswick ta Kanada.

Haddar a jere wahala ce, gara a kasa su gida huɗu. Jihohi 10 masu suna biyu, harafin farko na kowane suna ake ɗauka, kamar NY (New York) da NJ (New Jersey) da WV (West Virginia). Guda 19 haruffa biyun farko ne, irin su CA (California) da FL (Florida) da OH (Ohio). Guda 12 kuma na farko da na ƙarshe, kamar GA (Georgia) da PA (Pennsylvania) da MD (Maryland). Ragowar 9 ba su da ƙa'ida, sai hadda: AK, AZ, MN, MS, MO, MT, NV, TN, TX.

Inda ake tuntuɓe shi ne gidan M, jihohi 8 ne a cikinsa. MI ta Michigan ce, MN Minnesota, MS Mississippi, MO kuwa Missouri, ba Montana ba, ita MT ce. MA ta Massachusetts ce, Maine kuma ME. Haka AK: da yawa suna ɗauka Arkansas ce, alhali Alaska ce, Arkansas AR take. Wanda ya rubuta LA yana nufin birnin Los Angeles kuwa, jihar Louisiana ya rubuta.

Kada a ce sunan gari ya wadatar. Akwai Portland a OR, wato Oregon, akwai wata a ME, ɗaya a yamma, ɗaya a gabas. Shi ya sa nake gwada haruffan da farkon lambar ZIP: Michigan da 48 ko 49 take farawa, Minnesota da 55 ko 56. In mai kaya ya kawo MI da 55, to ɗaya ba daidai ba ne, ya buga waya ya tabbatar kafin a manna. Lambobin Massachusetts da New Jersey da sifiri suke farawa, kuma kada a yar da shi, don mu da muka saba da alƙaluma 6 irin 700001 ta Kano ba ma saurin lura in ɗaya ya faɗi.

A yi rubutun da manyan baƙaƙe, ba ɗigo tsakanin haruffan. Gari da jiha da lamba a layi ɗaya, sunan ƙasa shi kaɗai a layin ƙarshe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai lardunan Kanada.