Kafin ka sauke kaya a sabon gida, fara zuwa wajen mita

Ƙannena masu shirin kama gida karon farko, da waɗanda za su tashi daga wani gida su koma wani, dan Allah ku ba ni aron hankalinku. Yawancinmu in mun je duba gida abin da ido ke bi shi ne fenti da tayil da girman falo, a leƙa kicin a leƙa banɗaki a ce ya yi, a biya a karɓi makulli. Wuta da ruwa kuwa tambaya ɗaya ce, "akwai?" a ce maka akwai, shikenan an wuce wajen. Nima haka na yi, kuma na biya bashin wutar da ban sha ba, na jima ina biya ma kafin na farga.

Abin da ban sani ba a lokacin, bashin wuta sau da yawa ba mutum yake bi ba, mita yake bi, ko asusun da ke manne da gidan. Wanda ya sha ya kwashe kayansa ya yi gaba, lambar tana nan jikin bango da duk abin da ke kanta. Gidan da na shiga mita mai kati ce, ni kuma a tunanina tunda sai ka saya sannan ka sha ai babu zancen bashi. Ashe akwai. In gidan ya taɓa zama kan bil na wata-wata aka bar bashi, kamfani na iya ɗora shi kan sabuwar mitar, duk sanda ka sayi wuta sai a yanki wani kaso a ba ka yunit ɗin abin da ya rage. Ni dai na ga wutata ba ta auki, ina ta yi wa mutanen gida faɗa kan guga da hita alhalin ba su da laifi, kuma wallahi wannan faɗan ya fi kuɗin damuna har yau. Sai da na tsaya na karanta rasit da kyau na ga layin da aka rubuta abin da aka cire. Na koma wa mai gida ya ce bai san zancen ba, wanda ya tashi ba a samunsa a waya, ni kuma ba ni da ko takarda ɗaya da ke nuna yadda na tarar da mitar.

Toh, tun kafin kuɗin haya ya bar hannunka ka karɓi lambar mita, ka je ofishin kamfanin wuta ka tambaya ko akwai bashi a kanta, in sun ce babu su ba ka a rubuce. In zuwa ofis zai yi wuya, sayi mafi ƙarancin wutar da ake sayarwa a kan lambar ka karanta rasit ɗin. Zai nuna maka sunan da aka yi rajista da shi, sau da yawa har da adireshi, da abin da aka cire. In ka ga adireshin wata unguwa daban, to ka tsaya, ana ciro mita daga wani gida a kafa a wani ba da sanin kamfani ba, ranar da suka gano kuma wanda suka tarar a ciki shi za su fara tuhuma.

Ranar karɓar makulli, kafin a sauke ko katifa, ka tafi wajen mita da wayarka. Hoton lambar, hoton abin da take nunawa, hoton hatimin da aka ɗaure murfinta da shi, ka tura wa mai gida ko ejan a saƙo nan take don kwanan wata ya zauna a wayoyinku duka biyu. In da hali a rubuta adadin cikin takardar haya kowa ya sa hannu. Wasu na jin nauyin yin haka, wai kamar ba su yarda da dattijo ba, musamman in ta hannun ɗan uwa aka samu gidan. Ni ina ganin wannan hoton shi ke tsare mutuncin kowa, don rigimar da ake yi daga baya ta "ka ce na ce" ita ke ɓata zumunci. In gidan kan bil yake ma abin ya fi muhimmanci, ka kai wa kamfani wannan adadin ka ce daga nan naka ya fara, ka nemi a mayar da asusun sunanka in tsarinsu ya yarda. In ba a karanta mita ba ƙiyasi ake yi, ƙiyasin kuma sau da yawa daga shan wanda ya gabace ka ake ɗaukowa, wataƙila shi yana da esi da firiza kai kuma fanka ɗaya gare ka.

Hatimin nan da na ce, kada ka raina shi. In ya tsinke, ko ka ga wata waya ta zagaye mitar ta shiga gida kai tsaye, satar wuta aka yi. Za a samu mai ce maka ai garaɓasa ka samu ka yi shiru. Kada ka yarda, ka sa mai gida ya gyara da kamfani kafin ka shiga, don haƙƙi ne, ga tara, ga haɗin da aka yi a ɓoye ba a yinsa da kyau kuma irinsa ke zafi ya ta da gobara. Kuma kada ka bari mai gyaran wuta ya buɗe murfin mita don wani ɗan gyara, da yawa daga masu kati suna kulle kansu da an taɓa murfin, sai kamfani ya ba da lamba ta musamman kafin wuta ta dawo.

Wani kuskuren da na tafka bayan wannan, na saba sayen wuta ta waya, tsohuwar lambar mita tana ajiye a manhajar, hannu ya saba, na danna na biya. Lambobi 20 suka zo, na yi ta shigarwa mita tana ƙi. Waɗannan lambobin da lambar mita ɗaya tak ake haɗa su, ba sa shiga wata, wutar ta zama ta tsohon gida. Ranar da ka tashi ka goge tsohuwar lambar ka ajiye sabuwar. Amma in lambar daidai ce kuma mita ta ƙi karɓa, musamman gidan da ya daɗe a rufe, akwai wani dalilin: mitoci masu tsarin STS, wato tsarin da yawancin mitoci masu kati ke aiki da shi, an buƙaci sabunta su kafin 24 ga Nuwamba 2024, wadda ba a sabunta ba sai an fara shigar mata da lambobi na musamman na sabunta ta da kamfani ke bayarwa sannan ta karɓi sabon kati.

Sai ka gwada ko kai kaɗai ke kan mitarka. Kashe komai na ɓangarenka, cire firij daga soket, ka tsaya gaban mita. Akwai ɗan jan haske da ke ƙiftawa in ana jan wuta, in komai naka a kashe yake kuma yana ta ƙiftawa to wani na sha a jikinka, ko fitilar waje ce, ko injin jan ruwa na gidan gaba ɗaya, ko ɗakin maƙwabci da aka haɗa tun ana gini ba da wata mugunta ba. Ka kuma san lissafin yunit, ba wuya: abu mai wat 1000 in ya yi awa ɗaya yana aiki ya ci yunit ɗaya. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka. Kaga kenan masu yin zafi su ne masu ci, dutsen guga da hita da risho na lantarki, ba cajin waya ba. In mita ɗaya kuke rabawa da wasu masu haya, ku zauna tun makon farko ku rubuta yadda za a raba, ko ka sa ƙaramar mita a layinka. Rabon daidai-wa-daida tsakanin mai fanka da mai esi ba ya daɗewa sai an ji kansu.

Ruwa ma haka ne in akwai mita: hoto, lamba, tambayar bashi. Kubik mita ɗaya lita 1000 ne. Rufe duk famfunan gidan, duba adadin, ka dawo bayan awa ɗaya ko biyu, in ya motsa akwai yoyo, kuma sau da yawa tankin masai ne ke zuba a hankali ba ƙara, ko bututu a ƙarƙashin ƙasa, kana ta biya kamar mai zuba ruwa a kwando. Ka nemi inda babban makullin ruwa yake tun ranar farko ka nuna wa kowa a gidan, haka ma babban makunnin wuta, ba sai bututu ya fashe tsakar dare ana lalube ba. In tanki ne ka leƙa cikinsa a wanke kafin a sha, ka kuma tambaya wa ke biyan wutar injin, wa ke gyara in ya lalace.

Gas kam ba maganar kuɗi ba ce, rai ne. Tukunyar gas a tsaye ake ɗaukar ta ko a mota, ba a kwance ba. Tiyo da regileta da suka sha jijjiga a hanya ka duba su, in tiyon ya tsage ko ya bushe ka canja. Bayan ka haɗa ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa yana kumbura akwai yoyo, kada ka taɓa gwadawa da ashana. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa in ka ji wari ka rufe tukunya ka buɗe ƙofa da taga, kada ka kunna fitila kada ka kashe wadda ke kunne. Janareta kuma waje, nesa da taga, ko daren farko ne da ba ka gama gane gidan ba, hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Intanet, ka gwada sabis a cikin ɗakunan da kanka ba a bakin ƙofa ba, kafin ka biya na dogon lokaci. Shara ka tambayi maƙwabta wa ke kwasa, wace rana.

Gidan da za ka bari ma yana da haƙƙi a kanka. Ranar fita ka ɗauki hoton mitoci, ka biya abin da ke kanka, ka karɓi rasit, in asusun da sunanka yake ka je a rufe ko a mayar wa mai gida, in ba haka ba wani zai yi ta sha da sunanka. In ka ba banki umarnin cire kuɗi kai tsaye duk wata ka soke shi. Yunit ɗin da ya rage a mita ba ya bin ka, don haka a makonnin ƙarshe ka riƙa saye kaɗan-kaɗan. Na'urar intanet in ta kamfani ce ka mayar ka karɓi shaida. Rasit ɗin nan da hotuna ka tura su imel ɗinka ko wani wajen da ba waya kaɗai ba, don takardar neman biya na iya zuwa bayan watanni, lokacin wataƙila ka canja waya.