Saƙon Godiya Bayan Kammala Ajin Share Fagen Jarrabawar Ɗaukar Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana ƙarshen ajin share fagen jarrabawar ɗaukar aiki da muka gudanar a unguwarmu a nan Kano, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, sallallahu alaihi wa sallam. 'Yan ajin ne suka ɗora mini nauyin rubuta wannan saƙo a madadinsu. Tun da waɗanda za mu gode wa sun roƙe mu kada mu bayyana sunayensu, zan ambaci kowa da aikin da ya yi mana, domin su sun san kansu, mu ma mun san su.

Duk wanda ya taɓa neman aiki a banki, ko kamfanin sadarwa, ko kamfanin mai, ya san cewa takardar digiri da ta bautar ƙasa ba sa kai mutum gaban masu intabiyu su kaɗai. Akwai jarrabawar gwajin basira da ake yi a kwamfuta, agogo na ƙirga lokaci a saman allo, kuma da ita ake rage dubban masu nema kafin wani jami'i ya buɗe takardun kowa. Sassa biyu ne suka fi kayar da mutanenmu: sashen da ake ba ka jadawali ko zanen ƙididdiga a ce ka fitar da amsa daga ciki, da sashen da ake ja layi a ƙarƙashin wani yanki na jimlar Turanci a ce ka zaɓi gyaran da ya dace. A kan waɗannan biyun muka kafa ajin.

Godiyarmu ta farko ga malamin lissafi take, wanda yake tashi daga wurin aikinsa ya zo mana kai tsaye, bai taɓa karɓar ko sisin kwabo ba. Abin da ya fara cire mana shi ne zaton cewa sashen jadawali lissafi ne mai zurfi. Babu abin da ke ciki da ya wuce tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da fitar da kashi cikin ɗari, waɗanda duk an koya mana tun ƙaramar sakandare. Abin da ke jefa mutum cikin asara shi ne ya cafko adadi kafin ya san ko na mene ne. Don haka Malam ya kafa doka cewa ba a taɓa tambaya sai an karanta kan jadawalin, an tabbatar ko naira ce ko dala, dubbai ne ko miliyoyi, adadin kaya ne ko kashi, sannan an karanta ƙananan rubutun da ke can ƙasa. Yakan ce mai sayen hatsi girman mudu yake fara dubawa kafin ya shiga ciniki.

Bai cika son misalan littafi ba, ya fi son lambobin da muke ji a rediyo. Wata rana ya rubuta mafi ƙarancin albashi a allo, naira 30,000 na shekarar 2019 da naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ya tambaya da kashi nawa aka yi ƙari. Nan take aji ya rabu biyu, wasu suka ce kashi 57, wasu suka ce 133. Kowane ɓangare ya fitar da bambancin 40,000 daidai, amma na farko sun raba shi da sabon albashin, alhali ana auna ƙari ne da inda aka taso, wato 30,000. Abin da Malam ya fi tsayawa a kai ba amsar ba ce. Ya nuna mana cewa masu tsara jarrabawa sun san wannan kuskure sarai, kuma da gangan suke ajiye 57 cikin zaɓuɓɓuka, don wanda ya bi ɓatacciyar hanya ya ga amsarsa a rubuce, hankalinsa ya kwanta, ya wuce gaba. Daga ranar muka daina ɗaukar ganin amsa a jerin zaɓi a matsayin shaidar cewa daidai muka yi. Haka ya yi mana da tambayar kayan da aka ƙara wa kashi 20 sannan aka rage musu kashi 20, inda yawancin mutane ke cewa farashi ya koma yadda yake, alhali abin naira 100 ya hau 120, ya sauko 96.

Darasin da ya fi zama mana a rai shi ne na hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana kashi 34.80 a Disambar 2024, sai kuma kashi 24.48 a Janairun 2025. Malam ya zana wannan a allo, layi ya yi ƙasa sosai, ya tambaya ko kaya sun yi sauƙi a kasuwa. Duk wanda yake cefane ya san ba su yi ba, amma da yawa daga cikinmu ba za su iya faɗin dalili ba. Dalilan biyu ne. Na farko, saukar adadin hauhawa na nufin farashi na ci gaba da tashi, sai dai ba da saurin da ba. Na biyu kuma, hukumar ta sauya shekarar da take awo da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayan da take bibiya, don haka lambobin biyu ba da ma'auni ɗaya aka fitar da su ba. Irin wannan bayani shi ne ake sakawa a ƙananan rubutun ƙasan jadawali, wanda mai gaggawa ke tsallakewa.

Ya kuma hana mu kalkuleta a farkon ajin, abin da ya jawo masa gunaguni ba kaɗan ba. Hujjarsa ita ce wasu jarrabawowin suna ba da ita, wasu ba sa bayarwa, kuma ko inda aka bayar, wanda ya haddace cewa ɗaya bisa takwas kashi 12.5 ne, ɗaya bisa bakwai kusan 14.3, ɗaya bisa shida kusan 16.7, zai gama kafin wani ya gama danne-danne. A zanen da'ira mai yanka-yanka ya koya mana cewa tun da da'irar digiri 360 ce, kowane kashi ɗaya digiri 3.6 ne, yanki mai digiri 72 kuwa kashi 20 ke nan ba sai an ɗauki biro ba. Idan zaɓuɓɓukan sun yi nisa da juna, kintace ya wadatar, idan sun matso kusa ne ake zama a yi lissafi dalla-dalla. Malam, Allah Ya saka maka da alheri, Ya albarkaci zuri'arka.

Godiya ta biyu ga mahaifiyarmu take, Hajiya malamar Turanci, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma ta amsa roƙonmu ba tare da jan rai ba. Tun ranar farko ta gaya mana cewa a wannan sashen kunne ba abin dogara ba ne, domin kunnenmu ya saba da Turancin da ake yi a ofisoshi da tashoshin mota, inda ake jin informations da equipments da discuss about kullum, har suka zauna mana daidai, alhali jarrabawa kuskure take ɗaukarsu. Maimakon sauraron daɗin jimla, ta koya mana rarraba ta. A fara nemo aikau, a nemo aikatau, a rufe duk abin da ke tsakaninsu da yatsa, a ga ko sun dace ta fuskar tilo da jam'i. Ta rubuta mana "The quality of the roads have improved", kusan kowa ya ce lafiya lau take, saboda kalmar da ke maƙwabtaka da aikatau jam'i ce. Da ta rufe tsakiyar da tafin hannunta, sai ya bayyana cewa inganci ake magana a kai, ba hanyoyi ba, kuma has ya kamata a sa.

Daga nan ta bi da mu ta kan wakilin suna da ba a san wanda yake wakilta ba, da jerin abubuwan da dole su zo da siga ɗaya, da kwatancen da ake auna albashin wata ma'aikata da ita kanta wata ma'aikatar maimakon albashinta. Ranar da aka fi dariya ita ce ranar jimlolin da ke buɗewa da bayani kafin waƙafi, inda ƙa'ida ta ce wanda ya biyo bayan waƙafin shi ne mai aikin. Ta karanta wata jimla da marubucinta ke son cewa ruwa ya doke shi yana tafiya kasuwa, amma yadda ya gina ta, ruwan sama ne ya fito yana tattaki zuwa kasuwa. Ta kuma nuna mana cewa a tsohon tsarin tambayoyin GMAT, wato jarrabawar neman shiga digiri na biyu a fannin kasuwanci, zaɓi biyar ne, kuma na farko maimaita ainihin jimlar yake yi, don haka ɓata lokaci ne sake karanta shi. Abin yi shi ne a dubi zaɓuɓɓukan daga sama zuwa ƙasa, a ga inda suka saɓa, a zubar da rukunin da ya karya ƙa'ida gaba ɗaya. Hajiya ba ta yarda ɗalibi ya ce amsa kaza ce ya yi shiru, sai ya faɗi laifin kowane ɗaya daga cikin huɗun da ya ƙi. A ganina wannan tsanani nata ya fi tarin tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa amfani, domin mai haddar amsoshi yakan rikice da zarar an sauya masa kalma biyu. Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Muna godiya ga yayanmu da ke karatu a ƙasar waje, wanda ya aiko da littattafai, ya kuma faɗakar da mu wani sauyi da ya shafi masu niyyar digiri na biyu a fannin kasuwanci. Tun Nuwambar 2023 hukumar GMAC, mai shirya jarrabawar GMAT, ta fito da sabon tsari, ta cire gyaran jimla gaba ɗaya, ta mayar da nazarin bayanai sashe mai zaman kansa, tambaya 20 cikin minti 45, wato minti biyu da daƙiƙa 15 ga kowace tambaya, aka kuma daina tsohon tsarin a farkon 2024. Wannan ya sa muka raba shiri. Masu harin GMAT suka ƙara ƙarfi a kan jadawali, masu neman aiki a gida kuwa suka riƙe sassan biyu, tun da har yanzu ana cin karo da gyaran jimla a jarrabawowin kamfanoni. Yayan namu ne kuma ya warware mana lambobin darussan malaman Indiya da muke kallo a YouTube, waɗanda suke shirya ɗalibansu don jarrabawar CAT ta shiga makarantun koyon kasuwanci na ƙasarsu da ta aikin banki: lakh ɗaya 100,000 ne, crore ɗaya miliyan 10, kuma waƙafin lambobinsu ba a inda muka saba yake zama ba.

Shugaban makarantar da ya ba mu aji da allo da kujeru bayan an tashi ɗalibai, muna godiya. Haka mai shagon kwamfuta da ya riƙa buɗe mana shagonsa don gwaji da agogo, ya kunna janareta da mansa idan an ɗauke wuta. A shagonsa ne aka gano cewa wasu daga cikinmu sun iya aikin a takarda, amma jan linzami da komawa kan jadawali a allo na cinye musu lokaci, kuma gara da aka gano haka a can, ba a ɗakin jarrabawa ba. Mai unguwa, ranka ya daɗe, mun gode da izini da kuma leƙo mu da ka riƙa yi. Iyayenmu da suka ɗauki nauyin kuɗin mota da na data, da mazajen da suka bar matansu suka halarta, da 'yan uwan da suka riƙe yara har a tashi, Allah Ya biya ku.

Ba zan rufe ba sai na gode wa 'yan ajin kansu, musamman waɗanda suka ɗauki nauyin zaman bita. Bayan kowane gwaji sukan tattara tambayoyin da aka fi faɗuwa, a rubuta su a littafin bita tare da dalilin faɗuwar a gaban kowace, ko rashin duba ma'auni ne, ko raba adadi da abin da bai dace ba, ko ƙurewar lokaci, kuma da wannan littafin malaman biyu suke tsara darasi na gaba. Aiki ne mai cin rai da ba wanda ya sa su.

Cikin ikon Allah wasu daga cikinmu sun tsallake har an kira su intabiyu, wasu na jiran sakamako, wasu kuma ba su dace ba a wannan karon. Waɗanda suka tsallake sun yi alkawarin dawowa su taimaka wa rukuni na gaba, kuma malaman biyu sun ce a shirye suke. Littattafan da littafin bita suna hannun shugaban makarantar, duk mai buƙata zai iya zuwa ya karanta a can, amma ba a fita da su. Za a sanar da ranar buɗe sabon aji a zauren WhatsApp na unguwa, kuma muna roƙon masu tsohuwar kwamfutar da ba sa amfani da ita su ara mana, domin ita ce babbar buƙatarmu a yanzu.

Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya ba masu nema aiki mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum.