Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kuɗin da ke Kwana a Hanya

Makon jiya mun tsaya a inda na tafi Zariya yin digiri na biyu a fannin sufuri da jigilar kaya, garin da aka kafa Cibiyar Fasahar Sufuri ta ƙasa a 1986. Yau labarin zangon bincike zan ba ku, wanda na dawo gida Gombe na yi a Tudun Hatsi, a rumfar Baffana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina.

Abin da malamai suka fi nanata mana shi ne, 'yan kasuwa biyu za su sari kaya iri ɗaya a farashi ɗaya, wannan ya ci riba, wancan ya karye, kuma bambancin duk yana tsakanin sito da hannun mai saye. Kuɗin mota, kuɗin ajiya, kayan da suka lalace, da kwanakin da jari ke yi a ɗaure, sai an haɗa su wuri guda kafin a san ko an samu. An koya mana tsarin Toyota na Japan, inda ba a jibge kaya a sito, sai daidai lokacin buƙata suke isowa. An ba mu tarihin kwantena, wadda aka fara ɗora wa jirgin ruwa a Amurka a 1956, ta karya tsadar lodi da sauke a tashoshin duniya.

Da na kawo wannan ilimi Tudun Hatsi, wani ya zauna daram, wani ya ƙi. Tsarin Toyota na wanda ya tabbata motarsa za ta iso ranar da aka ce ne. Mai hatsi kuwa a ajiya ribarsa take, ya sayi wake da masara da kaka, ya jira kasuwa ta tashi. Damuwarsa yadda zai ajiye ƙwari ba su huda ba. Shi ya sa buhun nan mai rufi uku da aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue, wanda ke toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba, ya fi min daraja a bincikena a kan dogon lissafin da na haddace.

Inda karatun ya yi aiki sosai shi ne maganar mota. Na riƙa zama da direbobi da 'yan kamasho ina rubuta ranar lodi, ranar tashi, ranar sauke a Legas ko Onica, da ranar da kuɗi suka dawo. Wata rana bayan la'asar na nuna wa Baffa littafin.

"Baffa, Allah ya ƙara girma, direban da kuke gudu saboda tsada shi ne mai arha."

Ya ce, "Kai ɗana, yaya mai tsada zai zama mai arha?"

Na ce wancan mai sauƙin kuɗi ba ya tashi sai ya cike motar da kayan mutane daban-daban, in ya sauke kuma ya zauna jiran lodin dawowa. Wannan kuwa yana da mai ba shi sukari da fulawa a Legas, yana saukewa yake juyowa. Jarinku a hannunsa yana zagayawa sau biyu kafin na wancan ya dawo sau ɗaya.

Baffa ya daɗe yana duba littafin, sannan ya ce wa yaronsa ya kira masa ɗan kamasho.

Abin da ke ci min rai har yau shi ne duk wannan nauyi titi kaɗai ke ɗauke da shi. Layin dogon da ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, da shi aka yi ta kwasar auduga da gyaɗa. Yanzu hatsinmu, da simintin Ashaka da ake yi tun 1979, kan tirela suke tafiya. In man gas ya tashi, ko aka ƙara shinge a hanya, manomin Kumo ne ake rage wa farashi, mai saye a kudu a ƙara masa. Wannan babi na fi zuba ƙarfina a kundin, kuma a kansa aka fi yi min tambayoyi ranar kare shi.

Yadda aka yi a ranar, da aikin da aka yi min tayi a Kano wanda Baffa ya ce sam ba da yawunsa ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.