Rinin fanel: aski ne farko, launi daga baya

Rinin fanel shi ne a ware gashi falle-falle, masu faɗi, a rina kowane falle gaba ɗayansa, sauran gashin a bar shi yadda yake. Ya bambanta da ɗiban siraran silalai da bakin tsinke. A gashinmu mai murɗewa da curewa siraran silalai ɓacewa suke yi, sai mai kai ta biya kuɗi ta rasa inda launin ya shiga. Falle mai faɗin santimita 3 zuwa 5 kuwa ba ya ɓuya.

Ki fara da almakashi. Wurin da falle zai zauna ya dogara ne da tsayin gashin da zai kwanta a kansa, saboda haka idan kika rina sannan kika rage, kina iya datse rabin launin. Ki raba kan gida huɗu: tsaga daga goshi zuwa ƙeya, wata daga kunne zuwa kunne. Ki yanke falle na farko a ƙeya ya zama ma'auninki, kowane na gaba ki haɗo shi da ɗan na baya ki daidaita. Gashin da ba a sa wa rilaksa (man miƙar da gashi) ba yana tsukewa sosai in ya bushe, don haka a bushe ake tsara wurin launinsa, a yanayin da mai shi take barinsa. Ki kuma tambaye ta kitson da ta fi yi. Mai son shuku, falle na ƙeya da gefen kunne ne za su fito mata fili.

Idan ana son launin ya riƙa leƙowa ne kawai, ki ɗaure gashin tsakar ka mai kaurin santimita 2 ko 3 a sama, ki yi aiki a ƙarƙashinsa. Tsagar ta zama a karkace, ta fi kwanciya. Abin da yake yawan ɓata aiki shi ne kauri: falle yana da faɗi, amma siriri ne, har ki iya hango yatsanki ta cikinsa. In ya yi kauri, maganin rinin ba ya ratsa tsakiya, sai a wanke a ga dabbare-dabbare. Wuri mai kauri ki raba shi a takardar foyil, wadda ake naɗe falle a ciki, biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya.

Hodar bilic, wato maganin da ke cire baƙin gashi ya yi haske, yawanci kashi 1 ce da kashi 2 na ruwan haɗinta, misali giram 30 da giram 60, amma ki bi abin da ke jikin roba, kuma ki auna da sikeli. Ruwan haɗi mai lamba 20 ya wadatar. Mai lamba 40 sauri yake yi, gashi kuma yake ci. Ki sa safar hannu, ki fara shafawa daga tsakiyar gashi zuwa baki, ki bar rabin santimita daga fatar kai, domin haɗin yana kumbura da ɗumi ya tsiyayo ya ɓata gashin da ke kusa. Ki duba duk bayan minti 10, kada ki wuce lokacin da kamfani ya rubuta.

Baƙin gashi ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa haske. Ja yake fara yi, sai ruwan goro, sai ruwan ɗorawa. Launi kamar jan garura ko ruwan zuma mai duhu ba ya bukatar a kai ƙarshe, kuma a ganina su suka fi dacewa da gashin da ake yawan tsefewa. In ruwan goro ya yi yawa, tona mai shuɗi, wato rinin gyara launi bayan bilic, ce ke kwantar da shi.

Tambayoyi biyu kada ki tsallake su. Ta sa rilaksa? Bilic a kan rilaksa karya gashi yake yi, gara rini mai taushi, shi ma bayan aƙalla mako biyu. Ta sa lalle? Lalle ba ya fita da daɗi, baƙin lalle na kwali kuma wani yana ɗauke da sinadaran ƙarfe da ke sa gashi ya yi zafi ya tsinke in sun haɗu da bilic. Ki gwada a ɗan sili na ƙeya tukuna, rinin kuma ki ɗiga shi a bayan kunnenta awa 48 kafin ranar aiki. In wurin ya yi ƙaiƙayi ko kumburi, a fasa.