Talata, ranar da na ƙirga numfashin Kili

Tarinsa ne ya tashe ni tun kafin kiran assalatu. Busasshen tari mai fitowa daga can ciki, sau uku a jere, sai shiru, sai kuma ya sake. Na ɗauki tocila na nufi barga. Kili yana tsaye a turke, wuya a miƙe, ƙofofin hanci a buɗe kamar wanda ya dawo daga sukuwa, alhali rabonsa da sirdi ya fi wata guda. Na dafa haƙarƙarinsa, ina duba agogon waya: numfashi 28 a minti ɗaya. Lafiyayyen doki da ke hutawa tsakanin 8 da 16 yake yi.

Shekarunsa 22. Dokin marigayi Baba ne, a kansa ya yi hawan sallah a ƙofar Sarkin Katsinan Maradi shekara da shekaru, a kansa kuma ya fara ɗora ni ina yaro.

Hazon yau har rana ba ta fito sosai ba, iska tana kwaso ƙura daga wajen gulbi. Da hantsi Kawu ya shigo, ya dube shi ya ce fuka ce, a kawo garwashi a turara masa magani ya shaƙa. Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri likita ya fara ganinsa." Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Shi ya koya mini ɗaura linzami, musa masa ba ƙaramin nauyi ba ne a wurina.

Likitan dabbobi ya iso bayan azahar. Zafin jiki ya fara aunawa, 38, babu zazzaɓi. Sai a lokacin hankalina ya ɗan kwanta, don tun asuba abin da ke raina shi ne irin murar nan da ta kashe jakuna a ƙasar nan a 2019. Ya nuna mini wani layi da ya fito a gefen cikin Kili. Ya ce naman wurin ne ya yi kauri, saboda dokin yana matse ciki sau biyu kafin ya iya fitar da iska. Kenan ciwon ya daɗe, ni kuwa ina ɗauka ramar tsufa ce.

Daga nan ya ce a sauko masa da harawa daga kan rufi. Ya buɗe dami ɗaya ya girgiza a rana, wata farar ƙura ta tashi, ga warin fumfuna. Ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta kafin ta gama bushewa, na sani, amma na ajiye ta don tsada. Ya ce wannan ƙurar ce ke kumbura hanyoyin iska a huhu, su cika da majina, su tsuke. Ciwon ba ya warkewa ɗungurungum, lallaɓa shi ake yi. Ya yi masa allurar rage kumburi, ya gargaɗe ni kada in je in saya in riƙa ƙarawa da kaina, don irin wannan magani yana iya jawo ciwon kofato, musamman ga tsohon doki ko ƙuru mai ƙiba. Ya ce allura ba za ta yi komai ba muddin abin da yake shaƙa bai canja ba. Da ya juya wajen Kawu, cikin ladabi ya ce, "Baba, ganewarku daidai ce, fuka ce. Amma hayaƙi ƙara tsuke ƙirjin yake yi." Kawu ya gyaɗa kai. Har wutar da muke hura masa da dare saboda sanyi an hana.

Sauran yinin aiki ne. Ni da ƙanena muka cire turke daga ɗakin nan marar taga, muka kafa shi ƙarƙashin dalbejiya, inda katanga ke tare iskar gabas. Muka fitar da Kili waje tukuna, muka yayyafa ruwa, sannan muka yi shara. Harawar da ta lalace muka kwashe ta gaba ɗaya. Na sayo sabuwar harawar wake, na jiƙa ta a rabin duro na minti 30, na tsame, na zuba masa a ƙasa kan tabarma mai tsabta, don idan ya sunkuyar da kai majina ta fi saurin zubowa. Dusa ma sai da na dama ta da ruwa. Jiƙaƙƙiyar harawa ba ta kwana, don haka kowane ci sai an jiƙa sabuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai na tambaya a ƙarshe, har likita ya hau babur: hawan sallah fa? Ya ce cikin ƙurar dawaki ɗari, da gudu, da kaya masu nauyi, bai ba ni shawara ba. Ban ce komai ba. Kayan hawan Baba suna nan a akwati.

Bayan isha'i Kawu ya dawo da kansa, ya riƙe mini tocila na sake ƙirgawa. 22. Kili ya ci rabin harawar. Na cika duro, na ajiye damin safe kusa da duron.