Kwasar adashina a Nuwamba nake so

Duk shekarar da za mu ɗaura sabon adashi a makarantarmu, sai an ɗan yi jayayya a kan wa zai fara kwasa. Kowa na son farko, wanda bai samu farko ba kuma ya nemi watan azumi ko na babbar sallah. Ni Nuwamba nake roƙo, kuma ba a taɓa yi mini gardama ba, tunda a 'yan shekarun nan babu sallah a kusa da shi. Dalilina hatsi ne.

Ni malamar firamare ce a unguwar Mabera, cikin Sakkwato, maigidana ma'aikacin gwamnati, gidanmu kuma ba ya rasa baƙi daga ƙauye. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, lissafin gidan nan ya birkice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Bayan wata biyu sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyakar Illela, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, mu Sakkwatawa muka sha biyu. Zuwa Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan shekarar, wadda ta yi kwasar ƙarshe a adashi za a ƙirga mata kuɗinta cif, amma abin da za su saya bai kai na wadda ta fara ba. Shi ya sa na daina kallon adashi a matsayin ajiya. Hanya ce kawai ta haɗa kuɗi dunƙule a watan da dunƙulen ke da amfani.

Abin da na lura da shi a gidajenmu, albashi ba a babbar sayayya yake ƙarewa ba. Firij ko katifa, sai an zauna an yi shawara, an zagaya Babbar Kasuwa an taya. Awon yau da gobe ne ba mai zama a kansa. A aiki yaro shago ya auno rabin tiya, a sayo manja na ƙulli, omo na ƙaramar leda, sukari na ɗari biyu. Mai shagon bai zalunce ka ba: shi ma ya biya mota, ya biya ɗan dako, ya sayi leda, ya ba rabin unguwa bashi, duk sai ya fitar da su a cikin ƙullin nan. Sai dai kai ne mai biyan ribar kowane hannun da hatsin ya ratsa kafin ya iso tukunyarka.

Hatsi kuwa lokacinsa sananne ne. Da kaka manomi na buƙatar kuɗi: ga bashin taki, ga auren 'ya'ya, ga masu aikin girbi. Sai ya fitar da gero da dawa da wake kasuwa a lokaci guda da maƙwabtansa, farashi ya faɗi. Idan damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, sai ya koma hannun 'yan kasuwa su yanka yadda suke so. Albasa nata lokacin daban ne. Idan masu noman rani na Wurno da Goronyo suka kwashe, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, har tausayin manomi za ka ji, amma zuwa ƙarshen shekara sai a riƙa yanka ƙwallo ɗaya gida biyu ana ajiye rabi. Tumatir ma da sanyi yake banza, lokacin nan nake yanka shi in shanya kauɗa a kan tabarma, a rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura.

Surukata, da muke ce wa Inna, ita ke buga mana waya daga ƙauye da zarar sabon gero ya shigo. Ba ta doguwar gaisuwa. "Ɗiyata, mi kuka jira? Ki ce ma Malam shi aiko da kuɗɗi." Ita ce kuma ta koya mini gwajin bushewa: ka ɗauki ƙwayar wake ka ciza, in ta fashe ƙas to ta bushe, in haƙori ya nutse a cikinta a mayar da shi rana. Wanda ya ɗaure ɗanyen hatsi a buhu, fumfuna ya saya da kuɗinsa.

Wake shi ne mai rigima, don ƙwaronsa daga gona yake biyo shi. Ni ba na yarda da ƙwayar maganin nan da ake ce wa bom, balle a yayyafa wa abinci maganin sauro, a ɗakin da yara ke shiga suna fita. Jarkar mangyaɗa nake wankewa tas, in kife ta ta bushe ƙarau, in ɗura waken ina jijjigawa har ya cika baki, in shimfiɗa leda sannan in murza murfi da ƙarfi. Ƙwaron da ke ciki ya shaƙe 'yar iskar da ta rage, ya mutu, ƙwansa ma bai yi komai ba. A kan wannan dabarar aka yi buhun PICS da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, kuma kada ɓera ya huda. Shi ya sa na fi son jarka: in na buɗe ɗaya mu cinye ta, sauran na rufe. Buhunan gero kuma a kan katako suke, ba sa taɓa ƙasa ko bango.

Akwai inda nake rabuwa da masu cewa a sayi hatsi da kaka a jibge. A 2024 gwamnati ta ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da wasu kayan abinci, kuma a 2025 farashin masara da shinkafa ya sauko, waɗanda suka cika shaguna suna jiran tsada suka yi kuka. Mai sayen na ci bai shiga wannan ba, tunda tuwonsa zai tuƙa ko farashi ya hau ko ya sauka. To a sayi na bakin gida, iya wata shida ko bakwai. Malamin makaranta bai da jarin caca da 'yan kasuwar Kara.

Na san za a ce duk wannan maganar mai kuɗin buhu ce, kuma gaskiya ne, talaka ya fi kowa sayen tsada. Abin da muke yi, mu huɗu a ɗakin malamai mu haɗa kuɗin buhu ɗaya, a kawo shi gidan ɗayarmu a zazzage a tabarma, a auna da tiya guda a gaban kowa. Abin da ya yi saura a ƙasan buhu na mai gidan ne, ladan shara.

Sauran ramukan ƙanana ne, amma suna sha. Mai POS na bakin layinmu naira 100 yake cira a kan dubu biyar, wato kashi 2 cikin ɗari, kuma mai zuwa kullum ya ciri kaɗan-kaɗan ya fi kowa biya. Ga naira 50 ta gwamnati a kan tura kuɗin da ya kai 10,000. Ga data, da hukumar sadarwa ta amince a ƙara wa kuɗinta har kashi 50 a Janairun 2025; na kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, don rukunin 'yan uwa kaɗai ya isa ya cinye ta mako. Anko kuwa na yanke wa kaina doka: na dangi na jini kawai. Saura in sa atamfata mai kama da launin, in kai gudummawa a hannu. An yi gulma, an gaji.

Inda har yau ba mu daidaita da Malam ba shi ne ragon layya. Shi a wurinsa dabara ce a sayo ɗan rago tun watanni kafin sallah a ɗaure a turke. Ni na ce a rubuta dusa, da harawa, da kowa, da gishiri, da kuɗin mai allura, da ruwan da muke saye a kura lokacin zafi, sannan a sa fargabar ciwo ko ɓarawo a kai. A ƙauye, inda kara da ciyawa ke bayan gida, maganarsa ce daidai. A Mabera kuwa komai da kuɗi ake shigo da shi. Ya ce lissafin mata ne. Na saya masa littafi mai shafi arba'in na rataye kusa da turken, bana shi zai riƙa rubutawa da hannunsa.