Godiya Daga Gusau Bayan Kammala Digiri Na Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, Allah Ya nufa na kare kundina, sakamako ya fito, kuma ranar Asabar da ta wuce aka yi walima a gidanmu da ke Gusau. Jama'a sun zo har tabarmi suka ƙare, maƙwabta suka buɗe mana zaurensu. Ban samu gaisawa da kowa yadda ya kamata ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan in yi godiya, in kuma amsa tambayar da aka yi ta yi mini a wurin: wai me ya haɗa siyasa da aikin kula da jin daɗin jama'a?

Ga wanda bai sani ba, digirina na farko a kimiyyar siyasa na yi shi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma can na fi karkata ga hulɗar ƙasa da ƙasa. Bayan bautar ƙasa na wuce Jami'ar Ibadan, na yi digiri na biyu a fannin kula da jin daɗin jama'a.

Godiyata ta farko bayan Allah ga iyayena take. Lokacin da dangi suka ce Ibadan ta yi wa 'ya mace nisa, Baba bai yi gardama da kowa ba, sai dai ya je gida gida ya zauna da manya har suka sa albarka. Inna kuwa ɗaukar adashinta biyu ta juye a kuɗin makarantata, ban ma sani ba sai daga baya da Goggo ta faɗa mini. Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, Ya ba ni ikon kyautata musu. Maigidana da surukata, wadda ta riƙe mini yarinya tun tana rarrafe har ta fara zuwa Islamiyya, ba ni da bakin gode muku. Yaya, ban manta watan Satumbar 2021 ba, da aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya a daidai lokacin da nake jiran saƙo daga makaranta. Kai ka hau mota zuwa Sakkwato, a irin halin da hanya take ciki, don kawai ka duba mini imel. Allah Ya tsare ka yadda ka tsare mini wannan dama.

Mu 'yan asalin Anka ne, kuma daga can amsar tambayar ta faro. Ina sakandare a 2010 lokacin da aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. A lokacin abin da na sani kawai shi ne yara na suma suna mutuwa, kuma likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta duniya, MSF, sun zo. Sai a aji na gane cewa farashin zinare ne ya hau a kasuwar duniya bayan rikicin tattalin arzikin 2008, shi ya sa mutanenmu suka koma haƙa, suka riƙa kawo duwatsun, masu ɗauke da dalma, cikin gida ana daka ana niƙa a tsakar gidan da yara ke wasa. Na kuma gane dalilin da ya sa ƙauyen Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, ya daɗe yana jiran magani. Maganin fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, dole sai an kankare ƙasar an zuba sabuwa. Kuɗin wannan aiki kuwa a Abuja suke, kuma ba su fito ba sai a 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta matsa lamba. Ga likita, ga magani, ga yara, amma abin da ake jira sa hannu ne a wani ofis. Wanda ke son taimakon waɗannan iyaye dole ya san yadda ake zama da uwar da ta binne 'ya'ya biyu, ya kuma san ƙofar da ake bugawa kuɗi su fito. Fanni ɗaya bai koya mini duka biyun ba.

Malamaina na Sakkwato, ku kuka koya mini karanta yarjejeniya da kasafin kuɗi, da tambayar wa zai amfana. Na Ibadan kuma kuka koya mini yin shiru in saurara, da riƙe sirrin mutum, da kada in yi alkawarin abin da ba ya hannuna. Malamar da ta duba kundina ba ta jin Hausa, amma ta sa na fassara mata maganar kowace mace kalma da kalma, ba ta yarda in taƙaita ba. Ko a yajin aikin malaman jami'a na 2022, da aka yi wata takwas makarantu na rufe, tana kirana ta tambayi lafiyar mutanen gida. Hajiyar da ta sauke ni a unguwar Sabo a Ibadan ta mai da ni 'yarta, Allah Ya saka mata da gidan Aljanna.

Amma waɗanda suka fi kowa haƙƙi a kan wannan kundi ba su zo walima ba, yawancinsu ma ba su da wayar da za su ga wannan rubutu. Su ne matan da ɓarayin daji suka raba da ƙauyukansu, suke zaune a kangaye da gidajen 'yan uwa a Gusau da Anka, waɗanda na yi bincikena a cikinsu. Akwai wata dattijuwa, ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba domin amana ce. Na same ta a wani gini da ba a rufa ba, an tokare taga da buhu, tana tsince tsakuwa daga dawar da jikokinta suka sharo a kasuwa. Na fito da takardar tambayoyi, ta kalle ta, ta ce: “Ɗiyata, aje wagga takarda. Ke da kin yi boko, ki gaya min, don mi ƙanwata da ta ƙetara Maraɗi aka ba ta kati da wurin zama, ni da na tsaya ƙasata ba wanda ya rubuta sunana?”

Na san amsar a littafi. Ƙanwarta ta tsallaka iyaka, saboda haka Yarjejeniyar 1951 ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ƙasashen Afirka ta 1969 kan 'yan gudun hijira sun ba ta kariya, kuma hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar na da hurumin yi mata rajista. Tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shiga jihar Maraɗi, aka tsugunar da wasunsu a wurare irin su Garin Kaka da Chadakori. Ita kuwa da ba ta bar Najeriya ba, nauyinta na wuyan gwamnatin ƙasarta ne. Akwai Yarjejeniyar Kampala ta 2009 da aka yi musamman domin irinta, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ta ce a kare su, a ciyar da su, a ba su takardun shaida. Na yi mata bayani da Hausar da za ta gane. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ofishin da za ta je. Wannan tambayar ce ta zama ginshiƙin kundina, kuma da ita muka bi ofisoshi har aka yi wa jikokinta takardar haihuwa aka sa biyu a firamare. Abin kaɗan ne in aka duba abin da ta rasa, amma ta ga an yi.

Ina tsakiyar wannan aiki sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a watan Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. A rediyo maganar shugabanni ake yi. A kangon nan kuwa, mata ne da ba su iya zuwa gaisuwar mutuwar 'yan uwansu a ƙetare ba, da ɗan aiken da ya daina zuwa. Duk wanda ya ce hulɗar ƙasa da ƙasa ta jakadu ce kawai, ya zo ya zauna da su yini ɗaya.

A nan zan roƙi 'yan uwana masu kai tallafi, kuma da zuciya ɗaya nake roƙon. Allah Ya karɓi aikinku, amma ku daina jera matan nan da buhu a gabansu kuna ɗaukar hoto. Da yawansu matan manoma ne da ke fitar da zakka a ƙauyukansu. Wata ta faɗa mini ta gwammace ta kwana da yunwa da surukanta su gan ta a Facebook tana miƙa hannu. A tambaye su kafin a ɗauka, in sun ce a'a a mai da waya aljihu, a kuma ba su kayan.

Ina gode wa ma'aikatan jin daɗin jama'a da na yi sanin makamar aiki a ƙarƙashinsu, waɗanda ke bin shari'ar marayu da matan da aka sako daga daji, sau da yawa da kuɗin mashin daga aljihunsu. Ina gode wa mai unguwar da ya gabatar da ni, da ungozomar da ta riƙa shiga gabana gida gida, domin da ba don ita ba babu macen da za ta buɗe mini baki. Ƙawayena da suka kwana kan tuwo da miya, da matasan layinmu da suka ɗauko kujeru suka mayar, da malaman da suka yi mana addu'a, Allah Ya bar zumunci. Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa, yawa ne ya kawo haka.

'Yan mata da samarin da suka tare ni a walima suna tambayar yadda ake shiga wannan fanni, ku riƙe darasin Gwamnati da Tarihi da Turanci da kyau, kuma ku same ni a gida bayan la'asar mu zauna. Yanzu ina mai da taƙaitaccen kundin zuwa Hausa, domin na yi wa matan nan alkawarin zan koma in karanta musu abin da na rubuta a kansu, su gyara inda ban faɗa daidai ba. Ku taya mu da addu'a Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ɓarayi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya.